Ƙarfen da aka sa maka a ƙashi: shin yana tsatsa a cikin jiki?

Idan an yi maka aikin karaya aka ɗaure ƙashin da faranti da kusoshi, mai yiwuwa an yi su ne da ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L. Ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyam kamar kashi 18 cikin 100, da nikel kamar kashi 14, da ɗan molibdinam. Kuromiyam ɗin ne ke haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata fata siririya a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani. Ita ce ke hana tsatsa.

Sai dai ruwan jikin ɗan Adam yana da gishiri, kuma gishiri yana iya huda wannan fata. Wurin da abin ya fi faruwa shi ne ƙarƙashin kan kusa, inda take gogar faranti duk lokacin da ka taka ƙafa. Abin da ke narkewa kaɗan ne ƙwarai, yawancin mutane har a cire ƙarfen ba su ji komai ba. Wanda jikinsa ba ya jituwa da nikel ne abin zai iya damu.

Don rage wannan ne ake lulluɓe wasu kayan tiyata da wasu gaɓoɓin roba da taitaniyam naitarayid, mai launin zinariya. Kaurin rufin bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba, amma yana da tauri, yana rage gogewa, yana kuma rage nikel ɗin da ke shiga jiki. Kada ka ɗauka ba ya da aibi. Idan akwai ƙananan ramuka a rufin, ko ya karce, ruwan gishiri zai bi ta nan ya ci ƙarfen da ke ƙasa. Kuma rashin rufi ba ya nufin an sa maka ƙarfe mara kyau.

Kafin aiki, faɗa wa likita idan 'yan kunne, sarƙa ko agogo suna sa maka ƙaiƙayi da ƙuraje. Bayan aiki, ka koma asibiti idan wurin ya kumbura, ya yi ja, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ciwo ya dawo bayan ya lafa. Sau da yawa ƙwayoyin cuta ne ko kusa ta saki, ba tsatsa ba, kuma jinkiri na iya sa cutar ta shiga ƙashi. Kada a kai wa mai ɗori ya matsa wurin.

Ka nemi a rubuta maka irin ƙarfen a katinka na asibiti, ka nuna shi duk lokacin da za a yi maka hoton MRI.