Kansar da ta ari dabarar mabiyiya

Yau tarihin wata kansa na kawo muku, wadda ke tsirowa daga mabiyiya bayan haihuwa ko ɓari.

A 1953 wani masani a Ingila, Peter Medawar, ya yi tambaya: rabin halittar jariri daga uba take, to me ya hana sojojin jikin uwa su far masa? Wani ɓangaren amsar yana jikin mabiyiya. Ƙwayoyinta na ɗauke da wani sinadari, PD-L1, mai lallashin sojojin nan su kwanta, wai na gida ne. To kansar ta gaji wannan dabara.

Da can cikin watanni take kashe mace. A 1956 Dakta Min Chiu Li a Amurka ya warkar da wata mata da maganin methotrexate. Ya dage sai an ci gaba da ba da magani har alamar cutar ta ɓace a gwajin fitsari, sai aka sallame shi daga aiki. Ni fa korar nan har yau tana ba ni haushi, don shi ke da gaskiya.

A 2017 likitoci a Landan suka ba da rahoton gwada maganin da ke toshe wancan lallashin, a kan mata huɗu da sauran magunguna suka gaza musu. Uku sun warke.