Daga Ƙidayar Falle Zuwa Awon Kwali: Tarihin Kuɗin Aika Saƙo

Duk wanda ya kai ƙunshi gidan waya ya san abu na farko shi ne a ɗora shi a kan sikeli. Ba haka aka faro ba. Wannan maƙala za ta duba yadda abin da ake aunawa ya riƙa sauyawa.

A Ingila kafin 1840, nisan tafiya da yawan fallayen takarda su ne ma'auni, kuma galibi wanda aka kai wa wasiƙa shi ke biya. Ambulan ma falle guda ake ƙidaya shi. Saboda haka mutane kan cika shafi, su juya shi a karkace, su sake rubutu a kan na farko. A 1837 wani malamin makaranta, Rowland Hill, ya yi lissafi ya nuna cewa ɗaukar wasiƙa daga Landan zuwa Edinbara bai wuce kashi 1 cikin 36 na kwabo ba, alhali ana karɓar sule da kwabo ɗaya da rabi. Ashe ba hanya ke cin kuɗin ba, aikin akawu ne na ƙidaya da bin bashi. Daga 1840 sai aka koma ga nauyi: rabin oza, wato kimanin giram 14, kwabo ɗaya ko'ina a ƙasar, kuma mai aikawa ya biya. Takardar shaidar biyan tana ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Ɗalibai su lura, irin wannan takarda ce Hausa ta raɗa wa suna kan sarki.

Ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta kafu a Ban ta ƙasar Suwizalan a 1874, kuma yarjejeniyar Faris ta 1880 ta buɗe hanyar aika ƙunshi tsakanin ƙasashe, iyakarsa kilo 3.

Amurka ta makara, sai 1913 ta fara, da iyakar laba 11, daga baya aka kai ta 50. A nan ne aibin dogaro da nauyi kaɗai ya fito. A 1914 wasu iyaye a jihar Aidaho suka manna wa 'yarsu mai shekara 5 kan sarki na santi 53 a riga, aka kai ta gidan kakarta a taragon wasiƙu, don nauyinta bai kai laba 50 ba. A 1916 kuma aka yi jigilar tubalan ginin wani banki a jihar Yuta ta gidan waya, domin ya fi araha.

Sikeli bai san girma ba, jirgin sama kuwa wuri ne ke ƙare masa tun kafin nauyi ya yi masa yawa. Direban tasha ya daɗe da sanin wannan: ba ya yi wa buhun auduga kuɗin nauyinsa, wurin da ya tare yake dubawa. Kamfanonin jiragen sama sun mai da wannan duba na ido lissafi. A ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000; DHL da ire-irensa da 5,000 suke rabawa. A 2015 FedEx da UPS suka shimfiɗa wannan tsari a kan duk ƙunshin da suke ɗauka ta mota a Amurka, bayan cinikin intanet ya cika motocinsu da manyan kwalaye marasa nauyi.

Ga misali. Kwali mai santimita 50 da 40 da 30, idan an ninka, ya ba da 60,000. A raba da 5,000, an sami kilo 12. Ko da huluna ne a ciki masu kilo 4, kuɗin kilo 12 za a biya, domin wanda ya fi yawa tsakanin awon biyu shi ake ɗauka. In aka matse hulunan a kwali mai 40 da 30 da 20, kuɗin zai sauko zuwa na kimanin kilo 5.