Vabank: Birnin Warsaw na 1934 da mutanen da fim ya manta

Yau zancenmu zai kai mu ƙasar Poland, kan wani tsohon fim na 'yan fashi mai suna Vabank, wanda Juliusz Machulski ya shirya a 1981 yana ɗan shekara 26. Sunan kalmar 'yan caca ce, wato mutum ya zuba duk abin da ke hannunsa a wasa ɗaya.

Labarin ya faru ne a Warsaw a 1934. Henryk Kwinto, gwanin fasa akwatin kuɗi na ƙarfe kuma mabushin ƙaho a gidajen rawa, ya fito daga kurkuku bayan shekara 6. Ya tarar tsohon abokin sana'arsa Kramer, wanda ya ci amanarsa, ya zama mai banki, har ya sa an kashe masa amini. Sai Kwinto ya tara mutum uku suka fasa bankin, suka shirya abin yadda 'yan sanda za su ɗauka Kramer ne ya saci kuɗin bankinsa da kansa. Mahaifin daraktan, Jan Machulski, shi ya fito a Kwinto. Fim ne mai daɗi, ga dariya ga kiɗa.

To amma wane ne ke zaune a Warsaw a wancan lokaci? Ƙidayar 1931 ta nuna birnin na da mutum kimanin miliyan 1.17, kuma kusan 350,000 daga cikinsu Yahudawa ne. A unguwar Nalewki shagunansu ne jere, da teloli da masu gyaran agogo da dillalan yadi, suna magana da harshensu na Yiddish, suna buga jaridunsu. A ƙasar baki ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin uku ba harshen Poland ne harshen gidansu ba: akwai 'yan Yukren, da 'yan Belarus, da Jamusawa. Labarin Vabank bai leƙa wannan unguwa ba, bai kuma ba mutanenta wani babban matsayi ba.

Har ɗan Najeriya akwai a garin. August Agboola Browne, haifaffen Legas a 1895, ya isa Poland a 1922, ya zama makaɗin ganga na jazz a gidajen rawar Warsaw, irin wuraren da Kwinto ke busa ƙahonsa. A 1944 ya shiga boren da birnin ya yi wa Jamusawa, ana kiransa Ali. Ya rasu a Landan a 1976, kuma a 2019 aka kafa dutsen tunawa da shi a Warsaw.

Dalilin wannan giɓi yana cikin abin da ya faru tsakanin 1934 da 1981. A 1940 'yan Nazi suka killace Yahudawa sama da 400,000 a cikin katanga, a 1942 suka kwashe mafi yawan waɗanda suka rage zuwa sansanin kisa na Treblinka. A 1944 aka rusa birnin kusan ƙurmus. Bayan yaƙi aka sauya iyakokin ƙasar, 'yan Yukren da yawa suka faɗa ɓangaren Tarayyar Sobiyet, aka kori Jamusawa. A 1968 gwamnatin kwaminisanci ta sake matsa wa ragowar Yahudawa, dubbai suka fice. Machulski, haifaffen 1955, ya tashi ne a ƙasar da kusan kowa ƙabila ɗaya ce, sai ya zana tsohon birni da fuskokin da ya saba gani.

Mu da iyayenmu suka kafa shaguna a garuruwan wasu, wannan ya ishe mu tunani. Jama'a kan iya zama kashi ɗaya cikin uku na gari, bayan shekara 50 a ba da labarin garin ba su a ciki. Duk wanda ya samu fim ɗin ya kalla, amma ya riƙe mutanen Nalewki a ransa. Sai mun sake haɗuwa.