Gidan Sistoci da Ya Tada Ƙura a Avila

Ranar 24 ga Agusta, 1562, 'yan mata huɗu suka sa tufafin zuhudu a wani ɗan ƙaramin gida a birnin Avila na ƙasar Sifaniya. Kafin ka ce kwabo gari ya ɗauka. Majalisar birni ta shigar da ƙara a rufe gidan, tunda ba shi da gona, ba shi da kuɗin shiga, sai dai ya dogara da sadakar mutanen gari.

Wadda ta kafa gidan ita ce Teresa, 'yar shekara 47 a lokacin. Ƙungiyarta ta samo asali ne daga masu halwa da suka zauna a Dutsen Karmel, kusa da Haifa, a ƙarshen ƙarni na 12, kuma sai a 1452 Fafaroma Nikolas na Biyar ya amince da reshen mata. Teresa ta yi fiye da shekara ashirin a babban gidan Karmel na Avila, inda sistoci suka haura ɗari. 'Ya'yan masu hali na da ɗakunansu da barorinsu, baƙi na ta kai-komo, hira ba ta yankewa. Ina mutum zai samu natsuwar ibada a nan?

Sai ta ƙanƙanta komai a sabon gidan. Sistoci 13 kacal a gida ɗaya, daga baya aka kai 21. Takalminsu na igiya ne, ba sa cin nama, wadda ta shiga kuma ta shiga ke nan. Dangi sai ta bayan taga mai sandunan ƙarfe za su gaisa da ita, kayan abinci kuwa ana ɗora su a wani akwatin katako da ke juyawa a cikin bango, ba tare da an ga juna ba. Awa biyu kullum na addu'ar zuci ne, shiru ba motsi. Amma Teresa ta san halin ɗan Adam, don haka ta ware lokacin hira da raha sau biyu a rana.

Kafin rasuwarta a Alba de Tormes a 1582, gidaje irin wannan sun kai 17, yawancinsu ita ta je da kanta a keken alfadarai ta buɗe. A 1604 ƙungiyar ta shiga Faransa, inda masu juyin juya hali suka fille kan sistoci 16 na Compiègne a 1794. A 1970 Fafaroma Paul na Shida ya sa Teresa cikin manyan malaman Cocin Katolika, matsayin da babu macen da ta taɓa samu kafin ita.