Yadda Madawa Ta Faɗo Cikin Nijar

Kai baƙo mai neman zama ɗan Nijar, fara da sanin ƙasar da kake takawa. A 1898 Ingila da Faransa suka ja iyaka bisa takarda, aka bar wa Ingila mil 100 kewaye da Sakkwato. Madawa da Ƙonni duk suna ciki. Sai Faransawa suka rasa hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake shiri a 1904 da 1906, iyaka ta gusa kudu. Ba wanda ya tambayi kakanninmu.

Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya. Ranar 3 ga Agusta 1960 aka sami mulkin kai, Diori Hamani ne shugaba. Riƙe ranakun nan biyu.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1984 ta ce sai baƙo ya shekara 10 nan kafin ya nema. Tun 1999 ɗa na gadon ƙasa ta wajen uwa, kamar ta wajen uba. A ganina gyaran nan ya yi jinkiri ƙwarai. Tun 2014 kuma, ba tilas ba ne ka saki ƙasarka ta asali.