Yadda Iyalan Sojan Amurka Suka Sami Bakin Magana

Akwai wata tsohuwar magana da sajan-sajan na rundunar sojan ƙasa ta Amurka kan jefa wa ƙaramin soja in ya zo da kukan gida: da runduna na son ka yi mata, ai da ta ba ka ita tare da kaki da takalmi. Maganar ba wasa ba ce zalla. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙa'idar rundunar ba ta maraba da mai iyali a lokacin zaman lafiya, ƙaramin soja kuwa sai da iznin kwamandansa yake aure. Matar da ta biyo miji bariki ita ta jiyo. In rufi na yoyo, ko yaro ya kwanta ciwo, iyakarta ta gaya wa maigida, shi kuma ya auna ko maganar ta kai ya ɓata da na gaba da shi. Galibi ba ta kaiwa.

Yaƙin Biyetnam ne ya fara tilasta wa manya waiwayen gida. A 1965 rundunar ta buɗe ofishin taimaka wa iyalai a barikoki, domin ana kwasar maza ana barin mata da yara ba mai duba su. A 1969 wasu mata ƙalilan suka kafa ƙungiyar matan soja ta ƙasa, saboda abin da suke gani yana samun ƙawayensu: ranar da tsohon soja ya rasu, ranar fanshonsa ke tsayawa, a bar gwauruwa hannu rabbana. Suka yi ta sintiri a majalisar dokoki har aka yi dokar 1972 da ta bai wa soja damar ware wa matarsa kaso daga fanshon.

Amma abin da ya juya lamarin baki ɗaya lissafi ne. A 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja dole. Daga ranar, duk wanda ya sa kaki don kansa ya sa, kuma in wa'adinsa ya cika yana iya tuɓewa. Sai ga shi kimanin rabin sojojin masu aure ne, albashi bai bi tsadar rayuwa ba, har wasu ƙananan sojoji na karɓar takardun tallafin abinci na gwamnati, waɗanda ke Jamus kuma darajar dala na narkewa a hannunsu. Ƙwararrun sajan-sajan da aka kashe dukiya wajen horar da su suka riƙa ajiye aiki. A 1980 hafsan hafsoshin rundunar, Janar Edward Meyer, ya shaida wa majalisa cewa rundunarsa holoƙo ce. Manya suka fahimci cewa shawarar ci gaba da aiki a ɗaki ake yanke ta, kuma ba soja kaɗai ke yanke ta ba.

Matan ba su jira an kira su ba. A Oktoban 1980 ƙungiyar matan hafsoshi ta yankin Washinton ta shirya taron farko kan iyalan soja, aka maimaita a 1981 da 1982. Abin da suka kawo ba baƙo ba ne ga duk wadda ta zauna bariki: canjin wurin aiki kowace shekara biyu ko uku, makarantar yara da ke rikicewa a kowace ƙaura, matar da ke da ilimi amma ba mai ba ta aiki don an san tafiya za ta yi, asibiti, gidan reno. Sabon abin shi ne sun rubuta, sun jera, sun miƙa.

Ranar 15 ga Agustan 1983, sabon hafsan hafsoshi Janar John Wickham ya fitar da takardar manufa kan iyalin soja, aka kuma ayyana 1984 a matsayin shekarar iyali. Daga nan aka haifi shirin da ake kira AFAP, wanda har yau yake aiki.

Yadda shirin ke tafiya ya cancanci a tsaya a kansa. Mace ko soja ko ɗan fansho, kai har matashin da ke sakandare, zai cike takarda mai gida uku: sunan matsala, wa take shafa kuma ta yaya, sannan me ake so a yi. Gida na ukun nan shi ne ke raba koke da tsegumi, domin ba a karɓar "asibitinmu ba kyau" sai an faɗi abin da za a gyara. A taron bariki wakilai kan zauna rukuni-rukuni, matar kofur kusa da matar kanar, su tace, su zaɓi waɗanda suka fi ƙuna, su karanta su a gaban kwamanda. Mafi yawa a nan suke ƙarewa: lokacin buɗe kanti, fitilar hanya, motar makaranta. Wanda ya fi ƙarfin bariki sai ya haura, har ya kai hedikwata, inda kwamitin janar-janar ƙarƙashin mataimakin hafsan hafsoshi ke zama a kai. Can ake bai wa koke lamba, a ɗora shi kan wani ofishi, kuma ba ya fita daga littafi sai an rubuta ɗayan biyu: an kammala, ko ba zai yiwu ba. A ganina wannan "ba zai yiwu ba" ɗin ma ci gaba ne, don sai babban hafsa ya faɗe shi da bakinsa, ya kawo dalili.

Ta wannan hanya, tare da matsin ƙungiyoyin waje, aka samu abubuwa masu kauri. Inshorar ran soja da take dala dubu 50 a tsakiyar shekarun 1980 ta kai dubu 400 a 2005. An sa jami'ai masu shiga tsakanin iyaye da makarantu. Sojoji marasa aure ma sun sami nasu dandalin a 1989, shekarar da majalisa ta yi dokar gyara gidajen renon yara na barikoki. Daga 2009 soja na iya miƙa wa matarsa ko 'ya'yansa tallafin karatun da ya cancanta.

Wanda ya tashi a barikin Najeriya ya san magajiya, wadda mata ke kai wa kuka ita kuma ta isar. Bambancinta da shirin AFAP shi ne kukan da aka kai wa magajiya da baki yake tafiya, in aka yi wa kwamanda canji sai a koma farko.

Sai dai shirin AFAP yana da iyaka, kuma gidaje ne suka tona ta. A 1996 majalisa ta amince a miƙa gidajen barikoki ga kamfanoni masu zaman kansu, da yarjejeniyoyin da yawancinsu na shekara 50 ne. Da farko an ga sababbin gine-gine, kowa ya yaba. Amma kuɗin hayar soja kai-tsaye yake zarcewa kamfani, kwamandan bariki kuwa ba shi da cikakken iko a kan ɗan kwangilar da ba ya ƙarƙashinsa. Mace za ta kira a zo a duba bangon da ya yi baƙi da fumfuna, a zo a shafa fenti a kai, a rubuta an gyara. In ta matsa, tsoron da kakanninta suka sani ya dawo: kada a shafa wa mijinta baƙin jini a wurin aiki.

A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fara wallafa bincikensa, da labarin yaran da gubar dalma ta tsohon fenti ta shiga jininsu a barikin Benning da ke jihar Jojiya. Matan suka haɗu a Facebook suna tura hotunan ɓeraye da silin da ya rufto. Wata ƙungiyar iyalan soja ta yi tambaya ta intanet, sama da mutum dubu 16 suka amsa, fiye da rabi suka ce ba su ji daɗin gidajen ba. A Fabrairun 2019 matan soja suka zauna a gaban kwamitin majalisar dattawa suka ba da shaida, shugabannin kamfanonin na saurare.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 2020 aka sa hannu kan takardar haƙƙoƙin masu haya guda 18. Uku daga ciki, waɗanda suka fi cizo, sai a 2021 akasarin kamfanoni suka yarda da su: ganin tarihin gyaran gida kafin shiga, hanyar sasanta rikici, da riƙe kuɗin haya har a warware shi. A Disamban 2021 kamfanin Balfour Beatty Communities, ɗaya daga cikin masu riƙe da gidajen barikoki, ya amsa laifin zamba kan takardun gyaran ƙarya, aka ɗora masa biyan sama da dala miliyan 65.

Takarda mai gida uku ta yi aiki a duk inda janar ke da ikon ba da umarni. A maganar gidaje kuwa ba ta wadatar ba, sai da mata suka fita wajen ƙofar bariki, suka nemi 'yan jarida da sanatoci. Ko bayan tarar ma, binciken da Sanata Jon Ossoff ya jagoranta a Afrilun 2022 ya gano cewa iyalai a barikin Gordon na Jojiya na ci gaba da fama da kamfanin kan matsalolin da aka hukunta shi a kansu.