Wuƙar Aljihu a Tarihin Suleja: Makami ko Kayan Aiki?

Wannan maƙala za ta dubi yadda matsayin ƙaramar wuƙa ya sauya a Suleja. Garin, wanda a da ake kira Abuja, Abu Ja ne ya kafa shi a 1828, bayan jihadi ya fitar da ɗan'uwansa Makau daga Zazzau. Al'ummar da ta ginu cikin yaƙi haka ba ta rabuwa da ƙarfe. Maƙera ke ƙera wuƙa, dukawa su ɗinka mata kube. Da ita malami ke fiƙe alƙalami, matafiyi ya yanke igiya, magidanci ya feɗe rago. Shi ya sa Bahaushe ke cewa mai cikakken iko "wuƙa da nama na hannunsa".

Wuƙar da ake naɗewa mai baki da yawa kuwa baƙuwa ce. A 1897 Karl Elsener na ƙasar Suwizalan ya yi rajistar samfurin da ya shahara, kamfaninsa kuma ya ɗauki sunan Victorinox a 1921.

Matsalar tsaro ce ta sauya wannan matsayi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, aka hana fasinja shiga jirgin sama da wuƙa. A Suleja ma, bom ya tashi a ofishin hukumar zaɓe ran 8 ga Afrilu 2011, aka sanya dokar ta-ɓaci a ƙarshen shekarar, binciken matafiya ya tsananta. Wuƙar da kaka ya rataya don aiki, sai ga jika yana neman hujjar riƙe ta.